Kofin da Baba Nomau Ya Saya Mini

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Daga Madarunfa, zuwa ga ɗana Lawali.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin lafiya, ya tsare ka a hanya, ya sauke ka Yamai lafiya kamar yadda ka bar ƙofar gidanmu. Na ce wa innarka ta sa ta a ƙasan jakarka, ƙarƙashin ƙullin dakakken gero, don na san ba za ka kai hannu wurin ba sai yunwa ta kama ka, kuma lokacin kun riga kun wuce Gidan Rumji.

Ka ga sunanka a sama. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran shi da bakina ba, saboda kai ne ɗan fari. Sai dai in ce "kai" ko "yaron nan". Alƙalami ba shi da irin kunyar baki, shi ya sa na ɗauke shi.

Ka san ko ni wane ne, amma bari in tuna maka. Ni Isuhu, ban gaji gona ba, ban gaji ko jaki ba. Ina aji na biyu a kolej mahaifina ya rasu, na aje littafi na kama amalanke ta haya, ina jigilar itace daga Safo zuwa Maraɗi. Da gumina na sayi jakina. Da gumina na sayi bashe ta farko, motar a-kori-kura, wadda ƙofarta sai an ɗaure da igiya. Tuƙi da ido na koye shi, farmi, lasin tuƙi, da kaina na je na ci shi. Na gina gidan siminti lokacin da unguwarmu duk laka ce. Na haƙa rijiyar da maƙwabta ke sha har yau. Na kai kakarka Makka. Motoci uku na yawo tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa da sunana a ƙofofinsu, kuma ko da aka karya darajar sefa, abokaina na sayar da nasu, ni ban sayar da ko taya ba. Babu wanda ya ɗaga ni. Ban lissafa wannan don ka yaba mini ba. Na lissafa ne don ka san girman mutumin da wata 'yar ƙwaya, wadda ba ta kai ƙwayar wake ba, ta kayar har sau biyu.

Eh, ni. Ba ka sani ba, don na hana a gaya maka.

Ga abin da ya sa nake faɗa yanzu. Ka bar ƙwaya tun kakar bara. Jikinka ya dawo, ka samu aikin tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, daga Yamai zuwa Kwatano, kuma na yi murna. Amma shekaranjiya da muna zaune a zaure ka ce mini, "Baba, ai ni na warke, abin ya wuce." Ka faɗa kana murmushi. Ni kuwa wannan maganar ce ta kayar da ni, kalma da kalma.

Na fara sha ne da kaka, lokacin jigilar wake. Kaya sun yi yawa, masu kaya na rububin mota, ni kuma ba na iya cewa a'a ga lodi. A tasha kowa na sha, ana narka ta cikin kafe. Ban ɗauke ta a bakin abin maye ba. Na ɗauke ta kamar sifana ko jak, kayan aiki kawai. Ba na barci, ba na jin yunwa, ina sawu biyu inda wani ke yin ɗaya, mutane na cewa Isuhu ƙarfe ne. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma nasiharsa gajera ce: in barci ya zo maka a hanyar Kwatano, ka aje mota gefe ka kwanta a inuwarta. Mai kaya zai yi faɗa, gobe ya manta. Lodin da ka ƙi wani zai ɗauka, amma barcin da ka ƙi babu mai yi maka shi.

Innarka na da tsohon cikinka na bari karo na farko. Da rana tsaka, na taso daga Ɗan Isa da fasinja, sai na ga hanya ta rabu biyu a gabana. Na bi wadda babu. Da na farga muna tsakiyar gonar gero, karare na bugun gilashi. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Wata tsohuwa daga baya ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Direba, in gonarka ce ka kawo mu gayya, ai sai ka ba mu hauya." Kowa ya yi dariya, ni ban yi ba. Ranar na zuba sauran da ke aljihuna cikin tabkin garinmu.

Abin da ya biyo baya ka san shi, ba sai na zayyana maka ba: barci kamar gawa, yunwa, kasala, faɗa da kowa a kan abin da bai kai ba. Wannan na jure. Abin da ban yi tsammani ba shi ne wanda ya zo bayansa. Duniya ta zama kamar tuwon da ba gishiri. Fura ba daɗi, hira ba daɗi, ko ruwan sama na farko da ƙamshin ƙasa ban ji komai ba.

A cikin wannan hali aka haife ka.

Ranar sunanka na bar gida tun da safe, kamar yadda uban ɗan fari ke yi, na tafi bakin tabki na zauna. Abokaina suka biyo ni da goro suna tsokana. "Ku dubi Isuhu, kunya ta hana shi ɗaga kai!" "Kai malam, yi murmushi mana, surukanka ba sa nan!" Har aka riƙa ba da misali da ni a unguwa, wai ba a taɓa ganin mai alkunyar ɗan fari kamata ba. Lawali, ba kunya ba ce. Ina zaune ina laluben murna a ƙirjina, babu. An ce mini na samu ɗa namiji, na ji kamar an ce mini gobe kasuwa. Na yi zaton Allah ya cire mini tausayi saboda laifina. Al'ada ce ta rufa mini asiri ranar, ban gaya wa kowa ba sai yau.

Ban san dalilin abin ba sai bayan shekaru, daga bakin Majo Abdu, babban malamin jinya na likitar garinmu a wancan lokaci. Ya ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke sa mutum ya ji daɗin abu. Ƙwaya tana matsa masa ya zuba fiye da ƙima, kullum, kullum, har ƙwaƙwalwar ta rage nata da kanta don ta kare kanta. In ka janye ƙwayar, sai ka tarar an rage, kuma sake buɗewar wurin ba ta kwana ɗaya ba ce. Amma yana buɗewa. Nawa ya buɗe ranar da ka fara rarrafe. Na shigo na aje makullin mota a tabarma, ka ja jiki ka damƙe shi ka tura baki, na ƙwace, ka dube ni ka bushe da dariya da haƙoranka biyu. Wani abu ya motsa mini a ƙirji har sai da na fita bayan gida don kada innarka ta ga idona.

Na gan ka ranar Salla. Ƙannenka na ta guje-guje da sababbin kaya, kai kana zaune kana kallon bango, nama a gabanka ya huce. Na gane zaman nan, ni na fara yin shi. To ka ji: ba ka lalace ba, zuciyarka ba ta mutu ba. Kada ka je neman gishirin a wurin wadda ta kwashe shi. Ka ci abinci ko ba daɗi, ka yi salla ko ba ka ji natsuwa ba, ka zauna cikin mutane ko hirar ba ta shige ka. Wata rana wani ɗan ƙaramin abu zai ba ka dariya ba shiri.

Yanzu ga babban kuskuren, wanda dominsa na zauna rubutu.

Da daɗi ya dawo mini, na ce na warke. Damina ta wuce, wata kaka ta zo, ban taɓa ƙwaya ba, ko tunaninta ban cika yi ba. Duk wannan lokaci ina kauce wa teburin Mamman mai shayi a tasha, inda na saba sha. Ran nan na ce a raina, ni Isuhu, tebur zai kore ni? Na je na zauna, don in nuna wa kaina.

Baba Nomau na wurin, dattijon direbobin tasha, wanda in ya yi magana ba a mayarwa. Ya gan ni ya washe baki. "Kai, ɗan Madarunfa! Mun ce ko ka yi kuɗi ka raina mu. Mamman, haɗa masa na kullum, ni zan biya."

Ka san Mamman bai tambayar kowa. Ya san ma'aunin kowane direba kamar yadda uwa ta san cikin 'ya'yanta. Ya ɗauko kofin gilashi, ya murƙushe ƙwayar da bayan cokali, ya zuba kafe, ya fara juyawa. Ƙarar cokalin nan a jikin gilashi, ƙyal ƙyal ƙyal. Kafin kofin ya iso gabana, bakina ya cika da miyau, zuciyata na bugu har a kunne. Wallahi ko a makon da na fara bari ban ji kwaɗayi irin na ranar ba. Na tsorata, don ban san daga ina ya taso ba.

Na ce, "Baba, na ƙoshi."

Ya ce, "Ƙoshi? Kafe ake ƙoshi da shi? Ko kuɗina ne ba su da tsarki?"

Aka yi dariya. Ka san tasha: babba ya saya maka abu a gaban jama'a, ka mayar masa, ka zage shi ke nan. Na ce wa kaina saboda girman Baba Nomau zan sha, kofi ɗaya. Gaskiya kuwa, hannuna ya riga ya kai kafin in gama ba kaina hujja. Kofin nan ɗaya bai sake ni ba sai shekarar da ka shiga lakwal, makarantar boko. Ka tuna ina yawan yi maka tsawa kana ƙarami, kana ɓuya bayan zanen innarka in ka ji ƙarar motata? Ba halina ba ne, kuma ba laifinka ba ne.

Innarka ce ta kai ni wurin Majo Abdu, bayan na yi kwanaki ba barci har ina jin ana kirana ba kowa. Da na samu kaina na ba shi labarin teburin Mamman. Na ce, "Majo, ka gaya mini gaskiya, sammu aka yi mini? Ta yaya abin da na bari shekara guda zai fi ƙarfina fiye da ranar da na bar shi?"

Ya yi dariya ya ce, "Isuhu, kai da wa za ka ɓata wa rai har ya kashe kuɗinsa a kanka? Zauna. Ka san wayoyin mota?"

Na ce, "Ido rufe."

Ya ce, "In ka aje mota wata shida, wayoyinta na nan yadda ka bar su. Kan mutum ba haka yake ba. A cikinsa akwai jijiyoyi ƙanana masu haɗuwa da juna kamar wayoyi, kuma ba su daina haɗuwa da rabuwa. Lokacin da kake sha, an ja waya daga idonka, da kunnenka, da hancinka, zuwa wurin da ke cewa ina so. Tebur, ƙarar cokali, ƙamshin kafe, muryar abokai, duk an haɗa. Da ka daina, kana zaton an tsinke su. Ba a tsinke ba. Kan da aka hana abin da ya saba, ƙara musu kauri yake yi a ɓoye, wata bayan wata, kai kuwa ba ka ji, don ba ka taɓa makunnin ba. Wayar birki kuma, wadda ke nan bayan goshi, mai cewa dakata, ita ta saki. Ranar da ka zauna a teburin nan, ka kunna mota mai sabuwar waya da tsohon birki."

Ya ce mutanen da ya gani suna komawa, da yawansu ba lokacin wahalar jiki suke komawa ba, don lokacin suna tsoro, ana kuma tsaron su. Sai bayan jiki ya yi kyau, kowa ya saki ido. Karatuna a kolej ya tsaya, wataƙila ban kawo maganarsa daidai yadda likitoci ke faɗa ba. Amma na gwada ta a jikina ta zauna daram.

Na ce, "To ke nan ba warkewa?"

Ya ce, "Akwai, amma ba irin ta zazzaɓi ba. Wayar da aka daɗe ba a bi ba tana yin sanyi a hankali. Birkin kuma duk ranar da ka taka shi ya kama, ƙarfi yake ƙarawa. Kai dai kada ka je gwajin birki a gangara."

Ga abin da na yi, kuma shi nake so ka yi. Na sayi goro na tafi gidan Baba Nomau, ba tasha ba, gidansa. Na durƙusa. Ni da ban taɓa roƙon kowa komai ba, na ce, "Baba, na zo roƙo. Ƙwaya ta fi ƙarfina. Don Allah kada ka sake saya mini kafe, kuma in na ƙi na wani, kada a ce na yi rashin kunya."

Ya karɓi goron. Sai ya ce, "Kai yanzu saboda kofina ka koma? Ɗan banza, da bakinka ka kasa ce mini? Ni na ɗauka karamci na yi maka." Idonsa ya kawo ruwa. Washegari a tasha ya buga sandarsa a teburin Mamman ya ce, "Ku ji nan! Daga yau duk wanda ya miƙa wa Isuhu kafe, ni ya zaga. Mamman, in ya zo da kansa ya roƙe ka, ba shi kunu." Suka yi ta kirana Isuhu Mai Kunu har shekara biyu. Sunan ya yi mini zafi, amma a ƙarƙashinsa na sayi mota ta biyu da ta uku.

Saboda haka, ranar da ka isa Yamai, kafin ka zauna a teburin kowa, ka tambayi wane ne dattijon direbobin wurin. Kowace tasha tana da Baba Nomau nata. Ka same shi shi kaɗai, ka gaishe shi da ladabi, ka gaya masa. Ka riga kofin farko isa wurinsa. Kunyar da za ka ji ta rana ɗaya ce. In ka bari sai an tura maka kofi a gaban mutane, ba kai za ka yanke shawara ba, wayoyin nan za su yanke. Ka ci abincinka a wani wuri dabam da inda ake narka ta. In kwaɗayin ya taso maka ba zato bayan wata da watanni, kada ka ce aikinka ya rushe; lokacinsa ne ya yi. Tashi ka bar wurin, ka yi alwala, ka yi tafiya da ƙafa. Yana hawa, yana kuma sauka.

Saura ɗaya, wannan kuma kai na yi wa. Ranar da innarka ta sami ƙullin ƙwayar a aljihun rigarka, na yi maka ihu har maƙwabta suka leƙo. Na ce ka zubar mini da suna. Na tura ka Safo wurin kawunka kamar kayan da ake ɓoye wa duwan, 'yan kwastan. Da ka dawo ka yi ƙiba, na yanka rago, na tara mutane na ce ɗana ya warke. Ni da na san komai, ni da Majo ya zaunar ya yi wa bayani. Na so ne abin ya ƙare don a daina kallona a masallaci. Maganar nan da ka faɗa a zaure, ni na sa maka ita a baki. Da na zaunar da kai tun ranar farko na ce ni ma na bi hanyar nan, da ba ka yi zaman Safo kana ganin kai kaɗai ne lalatacce a zuriyarmu ba. Ka yafe mini, Lawali.

Ka taɓa tambayar innarka me ya sa babu kofin gilashi a gidanmu, har ka ce ko rowar Baba ce, mai motoci uku yana ba baƙi shayi a kofin roba. Ta ce maka yara ke fasawa. Ba yara ba ne. Ita ta kwashe su da hannunta ta rabar, ban ma roƙe ta ba. Har bana, a wurin wani ɗaurin aure, wani ya juya cokali a gilashi kusa da ni, na tashi na ce zan duba mota. Yanzu abin ba ya kai ko rabin na da, yana zuwa ya wuce kamar ƙamshin girkin maƙwabta. Amma ban sake cewa na warke ba. Cewa nake yau ma Allah ya tsare ni, kuma a haka na yi furfura.

Ban hana ka tafiya ba, don na san ɗan wa kake. Tuƙinka ya fi nawa a shekarunka, ko da yake ba zan maimaita wannan a gabanka ba. Innarka na gaishe ka, ta ce ka riƙa aiko saƙo da direbobin Maraɗi. Ƙannenka na gaishe ka. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kiyaye ka daga sharrin hanya da sharrin karamcin da ba a san illarsa ba. Allah ya ba ka barci mai daɗi a inda ya kamata, ya buɗe idonka a inda ya kamata, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Amin.

Abu na ƙarshe, kuma wannan umarni ne. In ka natsu a Yamai, ka je likita tun kana lafiya, a buɗe maka karne, katin asibiti, ka gaya musu komai don su san ka kafin ranar buƙata. Za su tambaye ka ko akwai wani a gidanku da ya taɓa yin wannan ciwo. Kada ka ce babu. Kada ka ce wani ɗan'uwa. Ka ce su rubuta Isuhu Garba, Madarunfa, mahaifi. Ka tsaya a kansu har su rubuta shi cikakke, da manyan baƙaƙe, yadda yake a ƙofar motocina. A cikin duk abin da na lissafa maka a farkon takardar nan, babu wanda ya ba ni wuya kamar wannan, kuma shi kaɗai ne ba a taɓa rubuta sunana a kansa ba.

Ni ne mahaifinka,
Isuhu Garba